Yadda Ake Tantance Neman Kuɗin Naƙasa a Amurka, Daga Cike Fom Zuwa Gaban Alƙali

Da wuya a sallame sallar Juma'a a nan Bronx, cikin birnin New York, wani bai ja ni gefe ba, ya zaro wasiƙa daga aljihu ya ce, "Malam, duba mini, me mutanen nan suke nufi?" Wasiƙar ta hukumar Social Security ce, wadda ake taƙaita sunanta SSA, kuma yawanci saƙon ɗaya ne: an ƙi ba da kuɗin naƙasa. Wani direba ne da ƙugu ya kwantar bayan shekara ashirin a kan sitiyari. Wata mai kula da tsofaffi ce da gwiwa ta hana ta hawa bene. Ni ba lauya ba ne, tafinta nake yi wa 'yan'uwa, amma na raka mutane wannan hanya sau da yawa har na ga gara in rubuta ta a wuri ɗaya.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. A zagaye biyu na farko, kafin a kai gaban alƙali, wanda zai yanke maka hukunci bai taɓa ganinka ba, ba kuma zai gan ka ba. Fayil yake karantawa. Ciwon da ba a rubuta ba, a wurinsa babu shi. Alƙaluman kuɗin da zan kawo na shekarar 2025 ne, wasunsu ana ɗan ƙara su duk watan Janairu.

Mataki na 1: Gane ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Shirye-shiryen biyu ne, ma'aunin lafiyarsu ɗaya, amma sharaɗin shiga daban.

SSDI inshora ce ta wanda ya yi aiki ya biya haraji. Maki ake tarawa: duk dala 1,810 da ka samu aka cire mata harajin Social Security maki ɗaya ce, kuma ba a wuce maki huɗu a shekara. Wanda ya kai shekara 31 ana so a ga maki 20 a cikin shekara goma da suka gabaci naƙasar, jimillar da ake nema kuma tana ƙaruwa da shekarun mutum har ta kai 40. Matasa ana rage musu. Ma'anar sharaɗin maki 20 ɗin nan, idan ka ajiye aiki, inshorar tana ƙarewa bayan kimanin shekara biyar, kuma sai ka nuna cewa ciwon ya kayar da kai kafin wannan rana.

SSI kuma ta marasa ƙarfi ce, ba ruwanta da tarihin aiki. Abin da gwamnatin tarayya take bayarwa bai wuce dala 967 a wata ga mutum ɗaya ba, 1,450 ga miji da mata. Dukiyarka kada ta haura dala 2,000, ko 3,000 ga ma'aurata, ban da gidan da kake ciki da mota ɗaya. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ƙofar SSI ƙunci gare ta. Mai katin zama na dindindin da ya shigo daga 22 ga Agusta 1996 zuwa yau, yawanci sai ya shekara biyar kuma an lissafa masa maki 40. 'Yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka suna iya samu na shekara bakwai.

Hattara, direbobi da masu aikin kansu: na taɓa zama da wani dattijo muka buɗe shafinsa a ssa.gov. Shekara goma sha tara yana tasi, amma da jerin shekarun ya bayyana, sifili ne ya fi yawa. Mai cike masa haraji yana ta zaftare kuɗin mai da gyaran mota har ribar ta koma ba komai, shi kuma yana murna bai biya da yawa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya yi shiru. Tun ran gini ran zane. In har yanzu kana da lafiya, buɗe wannan shafi yau ka duba. Gyaran kuɗin shigar wata shekara yana da wa'adi: shekara uku da wata uku da kwana 15 bayan ƙarewarta.

Hattara, masu neman SSI: fili ko gida da ka mallaka a Kano, Kumasi ko Damagaram dukiya ce a lissafinsu. Haka nan idan kai ne uban adashi, ko ke ce uwar adashi, kuɗin mutane suna kwana a asusunka, za a ɗauka naka ne.

Mataki na 2: Haɗa kaya kafin ka taɓa fom

Samu littafi ɗaya ka rubuta sunan kowane likita, asibiti da ɗakin gwaji da ka je, da adireshi, da lambar waya, da ranar zuwan farko da ta ƙarshe. Rubuta magungunanka da wanda ya rubuta maka su. Rubuta ayyukan da ka yi cikin shekara biyar da suka wuce. Ajiye takardar haihuwa, takardun shige da fice, takardun haraji na bara, da lambar asusun banki. Idan an yi maka aiki a gida, a Kano ko Yamai, kawo takardun ko da cikin Faransanci suke.

Ba sai ka biya kuɗi ka karɓo duk fayilolin asibiti ba. Za ka sa hannu a fom SSA-827, su nemo da kansu. Amma asibitin da ka manta ba ka ambata ba, ba wanda zai je nemansa.

Mataki na 3: Shigar da buƙata

Hanya uku ce: ta intanet, ta waya a 1-800-772-1213, ko a ofishinsu bayan ka karɓi rana. Kyauta ne. Tafinta ma kyauta ne, ka ce Hausa kake so. Kada ka ɗauki ɗanka ɗan shekara goma sha biyu ya fassara maka maganar fitsari da bayan gida, domin kai za ka ji nauyi ka rage, shi ma ya ji nauyi ya ƙara ragewa.

Kada ka jinkirta. SSI tana fara aiki ne daga watan da ya biyo bayan wanda ka nema, ba ta waiwayen baya. SSDI tana iya waiwaye, amma ba ta wuce wata 12. Kiran farko da ka yi ka ce kana so ka nema yana iya kare maka ranar, don haka rubuta ta a littafinka.

Babban fom shi ne SSA-3368. A ciki ka lissafa duk cututtukanka, ba wanda ya fi damunka kaɗai ba. Ciwon suga, hawan jini, rashin barci, ƙiba, damuwa, duk haɗa su ake yi a auna tare. Mutanenmu suna gudun ambaton damuwa kada a ce sun taɓu. Amma wanda ya wuni yana kuka a ɗaki, ba ya iya tara hankalinsa minti goma a kan abu ɗaya, wannan ma hana aiki yake yi, kuma doka ta san da shi.

Mataki na 4: Inda fayil yake zuwa

Ofishin SSA yana duba maki, kuɗi da takardun zama ne kawai. Idan sun yi, sai a tura fayil zuwa wata hukumar jiha da ake kira DDS. Can ne ma'aikacin tantancewa da likitan hukumar za su zauna a kansa. SSA da kanta tana cewa hukuncin farko yakan ɗauki wata shida zuwa takwas. Wasu cututtuka masu tsanani, kamar wasu nau'o'in sankara da ciwon shanyewar jijiyoyi da ake kira ALS, ana gaggauta su.

A cikin wannan jira za a aiko maka da fom biyu: SSA-3369 a kan ayyukan da ka yi, da SSA-3373 a kan yadda kake wuni. Na biyun nan ne mutane suke yanka kansu da kansu.

An tambaye ka, "Kana girki?" Ka rubuta "E". Shi ke nan, mai karatu ya ga mutum a tsaye a gaban murhu awa guda. Alhali gaskiyar ita ce shayi kake dafawa, ka ɗumama abin da 'yarka ta ajiye, kuma a kan kujera kake yi. To haka za ka rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna. Sa adadi a kowace amsa: minti nawa kake iya tsayuwa, layi nawa kake takawa kafin ka nemi wurin zama, galan ɗin madara kana iya ɗaga shi ko a'a. Idan a zaune kake sallah, rubuta, ka faɗi tun yaushe. Idan sai an kama ka kake shiga wanka, rubuta, ko da da ciwo a faɗa. Idan kwana uku a mako ba ka iya tashi, faɗi yadda munanan ranakun suke da yadda masu dama-dama suke. Kada ka ƙara gishiri, domin za a gwada amsarka da abin da likita ya rubuta, kuma saɓani ɗaya yana zubar da darajar sauran.

Hattara: fom ɗin yana da wa'adin mayarwa, yawanci kwana goma. In ba za ka gama ba, kira lambar ma'aikacin da ke kan wasiƙar. In ka sauya gida ko waya, sanar da su ranar. Shiru kaɗai ya isa a ƙi ka.

Mataki na 5: Tambayoyi biyar da ake yi wa fayil

A jere ake bin su, kuma inda aka samu amsa nan ake tsayawa.

Ta farko: kana aiki? Idan kana samun sama da dala 1,620 a wata, ko 2,700 ga makaho, an rufe fayil ba tare da an buɗe takardar likita ko ɗaya ba.

Ta biyu: ciwon yana da tsananin da zai tauye aiki, kuma ya kai wata 12, ko ana sa ran zai kai, ko zai kai ga ajali? Karayar da za ta warke cikin wata takwas ba ta shiga. Wannan shiri ba ya biyan rabin naƙasa ko ta ɗan lokaci.

Ta uku: ciwon ya yi daidai da wani abu a kundin cututtukan hukumar? Kundin manya yana da sassa 14, kowanne da ma'auninsa na lamba. Mai wankin ƙoda na dindindin ya shiga. Wanda idonsa mai dama-dama bai wuce 20/200 ba a gwajin gani ko da tabarau ya shiga. Ga sikila, wadda ta yi yawa a cikinmu, daga hanyoyin shiga akwai tashin ciwo sau shida cikin wata 12 wanda sai da aka yi allurar kashe zafi mai ƙarfi, da tazarar kwana 30 tsakani. Ko kwanciya asibiti sau uku a shekara, kowacce aƙalla awa 48, ita ma da tazarar kwana 30. Ka ga illar daurewa a gida ke nan. Yarinyar da ciwo ya tasar mata sau takwas, uwarta tana gasa mata jiki da ruwan ɗumi tana tofa mata addu'a, a takarda ba ta yi ciwo ko sau ɗaya ba.

Mafi yawan mutane ba sa cika ma'aunin kundin, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Daga nan sai a auna abin da ya rage maka na ƙarfi, a ce wane irin aiki za ka iya awa takwas a rana, kwana biyar a mako. Aikin zaune shi ne ɗaga abin da bai wuce fam 10 ba, wato kilo huɗu da rabi, da zama kimanin awa shida. Aiki mara nauyi fam 20 ne, da tsayuwa ko tafiya kimanin awa shida. Matsakaici fam 50.

Ta huɗu: da wannan ragowar ƙarfi, za ka iya aikin da ka yi a baya? Da shekara 15 ake waiwaya, amma tun Yuni 2024 an mayar da shi shekara biyar. Nan ne fom ɗin tarihin aiki yake magana. Idan kin rubuta "kula da tsohuwa" kawai, ba ki faɗi cewa ɗaga ta kike daga gado zuwa keken guragu sau huɗu a rana ba, kin sauƙaƙa aikin da ya karya ki.

Ta biyar: akwai wani aikin daban a faɗin ƙasar da za ka iya? Ba a duba ko akwai shi a unguwarku, ko za a ɗauke ka. Shekaru suna da nauyi ƙwarai a nan. Wanda bai kai 50 ba, idan zai iya ko da aikin zaune ne, yawanci ƙin sa ake yi. Daga 50 zuwa 54, wanda aikin zaune kaɗai ya rage masa kuma ba shi da ƙwarewar da za ta bi shi can, yawanci ana amince masa. Daga 55, ko aiki mara nauyi ne iyakarsa yana iya samu. A da rashin jin Turanci yana taimakawa, amma an soke wannan tun Afrilu 2020.

Mataki na 6: Likitanka da likitansu

Wannan ne ya fi ci mini rai, don haka zan daɗe a kai. Tarbiyyarmu ce idan aka ce "Yaya jiki?" mu ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na sha tsayawa a ɗakin likita, mutum ya shigo yana dafa bango, gumi na karyo masa, likita ya tambaya, ya ce in faɗa masa da sauƙi. Likitan kuma yana buga kwamfuta: mara lafiya ya ce yana samun sauƙi. Wata goma sha huɗu bayan nan, wannan layi ne za a karanto a wasiƙar ƙi. Godiya ga Allah tana nan a zuciyarka da bakinka, ba wanda ya hana ka. Amma bayan ka gode, faɗa wa likita gaskiyar makon da ya wuce: dare nawa ba ka runtsa ba, sau nawa ka faɗi, maganin yana sa ka jiri ko barci.

Kada ka yanke zuwa asibiti. Wata shida babu ziyara, mai karanta fayil zai ɗauka ka warke. Magani na gargajiya da rubutu ba sa barin shaida a takarda. Idan rashin kuɗi ko inshora ne ya hana ka zuwa ko sayen magani, faɗa a rubuta, uzuri ne karɓaɓɓe. Ƙin bin maganin da likita ya ɗora ka a kai ba tare da dalili ba kuwa yana iya jawo a ƙi ka.

Wasiƙar likita mai layi ɗaya cewa "ba zai iya aiki ba" ba ta da wani nauyi, domin wannan hukunci na hukuma ne. Tun 27 ga Maris 2017 ma an daina fifita ra'ayin likitanka don kawai shi ke duba ka. Abin da ake dubawa shi ne hujjar da ya kafa, da dacewarta da sauran fayil. Roƙe shi ya rubuta awa nawa kake iya zama da tsayuwa, nauyin da kake iya ɗagawa, kwana nawa a wata ciwo zai hana ka fita, ya kuma jingina kowanne da hoto ko gwaji.

Idan takardun ba su isa ba, DDS za ta tura ka wurin likitan da ita za ta biya. Je da katin shaida, da magungunanka, da sandarka in likita ne ya rubuta maka ita. Ganawar gajera ce, ba kuma magani zai ba ka ba. Rashin zuwa ba tare da sanarwa ba yana iya kashe buƙatar.

Mataki na 7: An ƙi, sai me?

Mafi yawan masu nema ana ƙin su a zagayen farko, har da waɗanda daga baya alƙali yake ba gaskiya. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara, ana kuma ƙara kwana biyar na tafiyar wasiƙa. Fom SSA-561 da SSA-3441 ne, ko ka yi ta intanet. Wani ma'aikacin DDS daban ne zai sake dubawa. Karanta wasiƙar ƙin da kyau, domin ta lissafa asibitocin da aka samu takardunsu. Wanda babu a ciki, shi za ka fara bi.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yi fushi ya jefar da wasiƙa, bayan shekara ya sake nema daga farko. Ya yi asarar kuɗin baya, wato na watannin jira da za a tara a biya shi, wataƙila ma inshorarsa ta SSDI ta ƙare a tsakani.

A nan ya kamata ka nemi lauya ko wakili, in ba ka riga ka samu ba. Ladansa kashi 25 cikin 100 ne na kuɗin bayan da aka biya ka, kada ya wuce dala 9,200, kuma yawanci hukuma ce take cire masa kai tsaye. In ba ka ci ba, babu lada, sai dai ɗan kuɗin kwafin takardu idan yarjejeniyarku ta ce haka. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu a hannu yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne.

Mataki na 8: Gaban alƙali

Idan an sake ƙi, cike fom HA-501 na neman zama gaban alƙali cikin kwana 60. Jiran yakan ɗauki watanni masu yawa. Za a sanar da kai ranar zama aƙalla kwana 75 kafin ta, kuma sabbin takardu su isa kwana biyar na aiki kafin zaman. Ana yi ido da ido, ko ta bidiyo, ko ta waya. A ganina, wanda ciwonsa yake bayyane a tafiyarsa da zamansa ya zaɓi a gan shi.

Ɗaki ne ƙarami, babu lauyan gwamnati da zai ja da kai, zaman kuma yawanci ba ya kai awa guda. Za ka yi rantsuwa, alƙali ya yi tambayoyi. In zama ya gagare ka, nemi izini ka miƙe. In ba ka gane tambaya ba, ce a maimaita. Daga ƙarshe alƙali zai juya ga masanin sana'o'i ya ce, a ƙaddara mutum mai shekaru kaza da ƙarfi kaza, akwai aikin da zai iya? Kada gabanka ya faɗi in ka ji yana lissafa ayyuka. Lauyanka zai ƙara sharuɗɗan da fayil ya tabbatar, kamar fashin kwana biyu ko uku duk wata, ya sake tambaya. Hukunci a rubuce yake zuwa daga baya.

Bayan alƙali akwai majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, wadda kuskuren doka take nema, sannan kotun tarayya. Kowanne kwana 60.

Mataki na 9: Bayan an amince

SSDI ba ta biyan wata biyar na farkon naƙasa, inshorar lafiya ta Medicare kuma sai bayan wata 24 da fara cancantar kuɗin, ban da masu ALS. Masu ciwon ƙoda na matakin ƙarshe suna da tasu hanyar daban. Mai SSI a New York da mafi yawan jihohi yana samun inshorar lafiya ta Medicaid tare.

Za a riƙa sake duba lafiyarka: cikin wata 6 zuwa 18 idan ana sa ran sauƙi, kusan duk shekara uku idan mai yiwuwa ne, shekara biyar zuwa bakwai idan ba a sa rai. Don haka zuwa asibiti bai ƙare ba. Mai SSDI da yake so ya gwada komawa aiki yana da wata tara na gwaji ba tare da an taɓa kuɗinsa ba, muddin ya sanar. Kuɗin da aka biya ka bisa kuskure don ba ka sanar da sauyi ba, sai an karɓe su.

Hattara, masu shirin zuwa gida ko aikin Hajji: mai SSI da ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka, kuɗinsa sun tsaya, kuma sai ya dawo ya yi kwana 30 cur kafin a ci gaba. Mai SSDI wanda ba ɗan ƙasa ba, ana iya dakatar da nasa bayan wata shida a waje. Kafin ka yanki tikiti, ƙirga kwanakin a kalanda, ka kira ofishinsu ka faɗa musu ranar tafiya da ranar dawowa.